Yadda Ake Rubuta Talim da Karanta Shi: Rubutun Masaƙan Darduma da Mayafi na Kashmir

Masaƙin darduma a birnin Sirinagar na yankin Kashmir ba zane yake kallo ba idan yana aiki. Abin da ke gabansa wata doguwar takarda ce siririya, an soka ta tsakanin zaren tsaye daidai idonsa, cike da ƙananan alamomi a jere. Sunanta talim, daga kalmar Larabci ta'alim, tushe ɗaya da ilimi da mu'allimi. Kowace alama a cikinta abu biyu kawai take faɗa: ƙulli nawa za a yi, kuma da wane launi. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya kama bakin zaren, sauran duk ƙirga ne da natsuwa.

Masaƙan mayafin kani, wato mayafin da ake saƙawa da 'yan sandunan katako masu ɗauke da zare, su ne suka fara aiki da shi. William Moorcroft, wani likitan dabbobi ɗan Ingila da ya zauna a Kashmir a farkon shekarun 1820, ya tarar da su suna saƙa da wannan rubutu. Da kasuwar mayafin ta karye bayan yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870, ga kuma yunwar 1877 zuwa 1879, masaƙa da yawa suka koma saƙar darduma mai ƙulli, suka tafi da talim ɗinsu. Shi ya sa rubutu ɗaya yake yi wa sana'a biyu aiki. A al'ada mutum uku ke hidimar: naƙƙash ya zana, tarah-guru ya zaɓi launi ya ƙirga, talim-guru ya rubuta. Kai mai koyo, duk ukun za ka yi da hannunka, domin ta haka ne za ka gane inda kuskure yake ɓuya.

Kayan da za ka tanada

Na rubutu: takarda mai gidan dara, wadda kowane ƙaramin gida yake tsaye a madadin ƙulli ɗaya, fensir mai tsini da magogi, rula, fensiran launi, alƙalami mai tawadar da ba ta malala, da takarda mai ɗan kauri da za ka yanka dogaye, faɗinta kamar tafin hannu. Masaƙan Kashmir sun fi son mai launin ƙasa ko ruwan lemo. Ba ta ɗaukar ido kamar fara, ba ta kuma nuna dattin hannu da wuri. In ba ka sami takardar zane ta musamman ba, littafin lissafi na 'yan makaranta mai gida-gida ya wadatar.

Na saƙa: masaƙa ta tsaye, ko firam ɗin katako mai sanda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, zaren auduga mai ƙarfi na tsaye da na kwance, ulu launi biyar, khur, wato 'yar wuƙa mai lanƙwasa kamar lauje ta yanke zare bayan kowane ƙulli, panja, matajin ƙarfe mai nauyi na danne layi, almakashi, da basilla ta warware kuskure. In babu khur, ƙaramar wuƙa mai kaifi za ta yi. In babu panja, ɗauki cokali mai yatsu mai nauyi, amma ka goge bakinsa kada ya tsinke maka zare. Kada ka fara da alharini ko siliki. Santsi gare shi, sirantarsa kuma tana ɓoye kuskure har sai ya yi nisa.

Game da alamomi: lambobin talim ba na boko ba ne, ba kuma na Larabci ba. Nasu ne na kansu, da 'yan da'ira da karan layi da ɗigo ake haɗa su, sannan a ɗora alamar launi a saman lambar ko a ƙarƙashinta. Waya da kwamfuta ba su da maɓallansu, don haka a nan za mu yi aiki da lambobin boko da haruffa. Tsarin bai canza ba. Ranar da ka zauna gaban wasta, wato malamin masaƙa, alamomin kawai za ka haddace.

1. Fara da lissafi, ba da zane ba

Ana auna kyan dardumar Kashmir da yawan ƙulli a cikin inci ɗaya, a kwance da a tsaye. Za ka ji ana cewa 18 sau 18, wato ƙulli 324 a murabba'in inci. Ko 20 sau 20, wato 400. Ko 24 sau 24, wato 576. Ɗauki darduma mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 5, a kan 20 sau 20. Faɗinta inci 36 ne, don haka kowane layi ƙulli 720. Tsawonta inci 60, layi 1,200 ke nan. Jimilla ƙulli 864,000. Kowane ƙulli a kan zaren tsaye biyu yake hawa, saboda haka zare 1,440 za a yi wadarinsa, ban da na gefe.

Na koyo bai kai ko kusa da wannan ba. Yi ƙulli 40 a kwance, layi 40 a tsaye, a kan 5 sau 5. Zai ba ka ɗan yanki inci 8 a kowane ɓangare, da zaren tsaye 80, goma a kowane inci. Ƙara zare biyu a kowane gefe na ɗaurin baki, kuma kada ka sa su cikin ƙirgan talim. Masu koyo da yawa a nan suke fara tuntuɓe: su haɗa zaren gefe cikin lissafi, sai kowane layi ya riƙa ƙarewa da saura.

2. Zana a kan gidajen

Zagaye gida 40 a kwance da 40 a tsaye. Cike kowane gida da launi ɗaya tak. Babu rabin gida, domin babu rabin ƙulli. Layi mai lanƙwasa kamar matakala yake fitowa, kuma haka ya kamata ya fito. Idan ka ja masa da'ira mai santsi ta ratsa tsakiyar gidaje, sai ranar ƙirga ka rasa wane launi ne ke da gidan.

A babbar darduma mai fure a tsakiya, wadda dama take daidai da hagu kuma sama daidai da ƙasa, rubu'i kawai ake zanawa. A misalinmu na ƙafa 3 da 5, gida 360 ne a layi 600. Amma dardumar salla mai mihrabi, ko mai zanen bishiya da ke tashi daga ƙasa zuwa sama, rabi ake zanawa a tsaye, domin samanta ba ɗaya ba ne da ƙasanta. Wadda ke ɗauke da rubutu kuwa gaba ɗaya ake zana ta. Ka juya rubutu, ya zama ba ya karantuwa.

Ka lura da wannan: idan ƙullinka a kwance bai yi daidai da na tsaye ba, misali 5 a kwance 6 a tsaye, alhali gidajen takardarka murabba'i ne, furen da ka zana zagayayye zai fito a taushe.

3. Ba kowane launi alamarsa

Rubuta mabuɗin launi a wani kati daban, ka ɗaura guntun zaren kowane launi kusa da alamarsa. Namu ga shi: B baƙi, R rawaya, J ja, F fari, S shuɗi. A Kashmir za ka ji sunaye irin su anari, ja irin na rumman, zard, rawaya, sabz, kore, gulabi, ruwan hoda, asmani, ruwan sararin sama, badami, ruwan ƙasa mai haske. Alamomin lamba kusan ɗaya ne a ko'ina, amma na launi sukan bambanta daga marubuci zuwa marubuci. Saboda haka kada ka karɓi talim daga hannun kowa ba tare da katin zarensa ba. Talim marar kati rabin saƙo ne.

Idan kana da ja iri biyu, ba su alamomin da ba su yi kama ba ko kaɗan. Da yamma ta yi, ido ya gaji, ɗigo ɗaya da ɗigo biyu duk abu ɗaya suke zama. Ka kuma sayi zaren kowane launi a lokaci guda, daga rini ɗaya. Ja na tukunya biyu ba ya taɓa zama ɗaya, kuma bambancin yakan fito kamar ɗamara a tsakiyar aiki.

4. Raba layi gida-gida

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne ceton masaƙi. Ba a rubuta layi mai ƙulli 720 a miƙe. Ana yanka shi rukuni-rukuni, kowane rukuni ana ce masa alch, kuma jimillar ƙullin kowane alch ɗaya ce daga farkon aiki har ƙarshensa. Mu ashirin za mu ɗauka. Ja layi mai kauri a takardar zanenka bayan kowane gida 20. Yankinmu alch biyu ne, babbar dardumar kuwa 36.

Amfaninsa a fili yake. In ka yi kuskure, cikin ƙulli ashirin za ka neme shi, ba cikin ɗari bakwai ba. Don ya yi maka wannan aiki, sai ka yi wa zaren tsaye ma alama: bayan kowane zare 40, shafa wa ɗaya tawada tun daga sama har ƙasa, ko ka sa zare mai launi dabam tun wurin wadari. Duk sanda ka gama alch, hannunka ya sauka daidai kan wannan alama. In bai sauka ba, tsaya nan take.

Idan launi ɗaya ya tsallaka iyakar alch, yanka shi biyu. Ja 26 da ya fara a gida na 11 sai a rubuta 10J a alch na farko, 16J a na biyu. Kada ƙyuya ta sa ka rubuta 26J a dunƙule, jimillar rukunan biyu za ta rikice.

5. Rubuta daga ƙasa zuwa sama

Daga ƙasa saƙa take tashi, don haka layin ƙasa na zanenka shi ne layi na 1 a talim. Ɗora rula ta rufe duk abin da ke sama da layin da kake ƙirgawa. Fara daga hagu, ka zana 'yar kibiya a kan takardar da ke nuna hakan. Ƙirga gidajen launi ɗaya da suke manne da juna, rubuta adadinsu da alamar launin, ka wuce na gaba. Ga farkon yankinmu, mai baƙin gefe da rawayar ɗamara da jan fili, da farin lu'ulu'u mai shuɗin ciki:

Layi 1 da 2: 20B / 20B
Layi 3 da 4: 2B 18R / 18R 2B
Layi 5: 2B 2R 16J / 16J 2R 2B
Layi 6: 2B 2R 15J 1F / 1F 15J 2R 2B
Layi 7: 2B 2R 14J 2F / 2F 14J 2R 2B
Layi 8: 2B 2R 13J 2F 1S / 1S 2F 13J 2R 2B
Layi 9: 2B 2R 12J 2F 2S / 2S 2F 12J 2R 2B

Haɗa kowane alch ka gani, misali na farko a layi na 8: 2 da 2 da 13 da 2 da 1, ashirin cif. Ka kuma lura alch na biyu shi ne na farko an karanta shi da baya. Dalilin da ya sa ake iya rubuta rabi kawai ke nan, masaƙin da ke ɗaya gefen ya juya shi.

A nan akwai tarkon tsakiya. Faɗinmu 40 ne, tsakiyarsa tana tsakanin ƙulli na 20 da na 21, shi ya sa kan lu'ulu'un ya zama fari biyu. In kana son tsini mai ƙulli ɗaya, dole faɗin ya zama mara, kamar 41, kuma ƙullin tsakiyar ba a maimaita shi idan an juya. Zagaye shi da jan alƙalami. Haka ma layin tsakiya idan ka kai rabin tsawo za ka fara karanta talim daga ƙarshe zuwa farko: ka yanke tun yanzu ko za a maimaita shi ko ba za a maimaita ba, ka rubuta a gefe.

Sa wa kowane layi lamba, kowace takarda ma lamba. Bar sarari mai kyau tsakanin layi da layi. A talim na ainihi, inda alamar launi take sama ko ƙasan lamba, cunkushe layuka yakan sa alamar ƙasan wannan layi ta zama kamar ta saman wancan, a saƙa kore inda ake son ja.

6. Tantance kafin ka taɓa zare

Hanya biyu ce, kuma duka biyun za ka bi. Ta farko, haɗa jimillar kowane alch. Ta biyu ta fi ƙarfi: ba wani mutum talim ɗin da takardar gidan dara marar komai, ba tare da ya ga zanenka ba, ya cike gidajen bisa abin da ya karanta. Ɗora nasa kusa da naka. Jimilla tana iya fitowa ashirin alhali ka musanya launi biyu, wannan gwajin ne kaɗai yake kama irin wannan. In babu mai taya ka, ajiye shi ya kwana, ka yi da kanka washegari.

Idan za ka kwafa wa wasu masaƙa, kwafi daga na asali kullum. Kwafi daga kwafi yana gadon kuskuren na gabansa, ya ƙara nasa.

7. Karantawa a gaban masaƙa

Saƙa layi biyar ko shida na zaren kwance zalla su zama gindi. Soka takardar talim tsakanin zaren tsaye daidai idonka, ka maƙala fil a layin da kake kai. Rataya ƙwallayen ulu a sama yadda bakinsu zai sauko kusa da hannunka.

Ƙullin Kashmir irin na Farisa ne. Ɗauki zaren tsaye biyu. Wuce da ulun ta bayan na farko, ka naɗe na biyu gaba ɗaya, bakunan biyu su fito ta gabanka, ja shi ƙasa, yanke da khur. Duk gefen da ka fara buɗe ƙullin, hagu ko dama, a kansa za ka tsaya har ƙarshe, in ba haka ba gashin dardumar zai kwanta ta fuska biyu, launi ɗaya ya riƙa nuna haske biyu.

In layi ya cika, wuce da zaren kwance biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a sake, danne da panja, rage tsawon gashin da almakashi, sannan ka matsar da fil. Jerin nan kada ya canza: danna, aske, matsar da fil. Wanda ya matsar da fil kafin ya gama, aka kira shi waje ya dawo, shi ne mai tsallake layi ko ya saƙa shi sau biyu.

Bayan kowane layi biyar ɗora rula. Inci ɗaya ya kamata ka gani. In ya haura, dukanka ya yi sanyi, zanen zai miƙe. In ya gaza, ka cika ƙarfi ko zaren kwancen ya yi siriri. Talim ba ya gyara wannan, hannu ne.

Kuskuren da ka gani kafin zaren kwance ya hau, basilla za ta zare shi nan take. Wanda ya yi layi uku a ƙasa kuwa, sai ka warware ukun duka. Kada ka ce za ka rage ƙulli ɗaya a gaba don jimilla ta daidaita. Gefen furen zai karye, kuma duk layin da ya hau kansa zai bi karkatar.

8. Idan masaƙa sun fi ɗaya

A babbar masaƙa mutum biyu ko uku ko fiye suke zama a jere. Ɗaya ne ke riƙe da talim yana rerawa da murya, kamar karatun allo, sauran suna ƙullawa suna amsawa don ya san sun gama. Na ɗaya gefen yana jin abu ɗaya amma yana tahowa daga nasa bakin zuwa tsakiya. Gwanaye sukan taƙaita, su faɗi abin da ya canza daga layin ƙasa kawai: wannan launi a kan ɗan'uwansa, wancan ya matsa gida ɗaya. Hanya ce mai sauri, amma ba ta mai koyo ba ce, domin in layin ƙasa da kuskure, kuskuren ake ta ginawa a kai. Karanta lamba da launi cikakke har sai idonka ya fara ganin furen tun daga takarda. Mai karatu kuma ya tsaya a ƙarshen kowane alch, kowa ya duba alamar zarensa.

9. Abin da ya bambanta a mayafin kani

A mayafi babu ƙulli. Kani 'yan sanduna ne na katako marasa ido, kowanne an naɗa masa zaren pashmina launi ɗaya, wato lallausan gashin akuyar Changthangi ta tsaunukan Ladak. Ƙauyen Kanihama a gundumar Badgam ya yi suna da wannan saƙa. Lambar da ke cikin talim a nan tana nufin yawan zaren tsayen da wannan launi zai ratsa kafin na gaba ya karɓa. Jimillar layi dole ta yi daidai da wadarin gaba ɗaya.

Abu uku za ka kiyaye. Kowane yankin launi da nasa kani, ko da launin ya maimaitu: ja a wuri shida cikin layi ɗaya, kani shida ke nan. Shi ya sa babban mayafi yake da ɗaruruwansu a jere gaban masaƙi, kuma aikin yini bai cika wuce inci ɗaya ba. Na biyu, duk inda launi biyu suka haɗu sai an sarƙa zarensu da juna, in an manta sai wurin ya buɗe kamar tsaga. Na uku, ta baya ake saƙa shi, fuskar tana kallon ƙasa. Zanen badam, mai siffar ɗan almon da kansa ya lanƙwasa gefe guda, in ka rubuta shi yana kallon dama, hagu zai kalla ranar da aka juya mayafin. Juya zanen tun a takarda kafin ka ƙirga, ka kuma riƙa leƙa fuskar da ƙaramin madubi ta ƙasa.

Kwamfuta da ajiya

Yanzu ana zana darduma a kwamfuta ta fitar da talim da kanta, kuma cibiyar fasahar darduma ta Indiya da ke Sirinagar tana koyar da hakan. Yana kawar da kuskuren ƙirga da na kwafi, amma ba ya zaɓa maka wane launi ne, a zaren da ke hannunka, ya dace da alamar da ya buga. Katin zare yana nan daram. Kai ma a gida kana iya amfani da manhajar lissafi mai gida-gida: daidaita gidajen su zama murabba'i, cike su da launi, ka sa ta haɗa maka jimillar kowane alch.

In ka gama, naɗe takardun bisa lambarsu, ka ɗaure su tare da katin zare da zanen asali, ka rubuta a bayan ta farko girman aikin da yawan ƙulli a inci da gefen da aka fara karatu. Ajiye su inda laima da gara ba sa kai wa, ka kuma ɗauki hoton kowace takarda da waya kafin ta hau masaƙa, domin gumin hannu da fil suna cinye gefenta tun aikin bai kai rabi ba.